Chékaraou Guéro, Mai Sharar Filin Kokowar Sukra

An haifi Chékaraou Guéro a shekara ta 1966 a garin Buza, cikin ƙasar Adar ta jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa Guéro Ɗan Baro manomi ne kuma mai ɗorin karaya, mahaifiyarsa kuwa sunanta Kulu, shi ne na huɗu a cikin ƴaƴanta bakwai. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga nan cewa wannan tarihi ba ya ƙarewa da daɗi. Akwai wata Juma'a tana tafe, wadda dokar da mutumin nan ya kafa domin tsare ƴaƴan mutane daga hanyar teku za ta zo ta kansa, a yi masa tambaya ɗaya a gaban jama'a, amsarsa kuma ta buɗe wa ɗansa hanyar da ya fi tsoro. Har yau akwai masu zarginsa a kasuwar Sabha ta ƙasar Libiya a kan wannan amsa, kuma saboda su aka rubuta wannan tarihi.

Karatu da ƙuruciya

Ya yi karatun allo a wajen limamin unguwarsu har ya kai izifi goma. A shekara ta 1973 aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi aji uku, sannan mahaifinsa ya cire shi domin gona, saboda fari ya cinye dabbobin gidan kuma ba a iya rasa hannu ko ɗaya. Da wannan ɗan karatu ya iya rubuta suna da kwanan wata, kuma da shi ya yi duk abin da za a ambata a gaba.

Kamar sauran samarin Adar, ya shiga kokowa bayan girbi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Bai taɓa zama zakara ba, ko a Buza. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce ƙarfinsa matsakaici ne, amma idonsa ya fi na kowa, yakan faɗi wanda zai faɗi tun kafin a kama. A shekara ta 1988 kafaɗarsa ta goce a wani gami da aka yi a Keita, mahaifinsa ya gyara ta, daga nan ya ajiye walki.

Tafiya Libiya

A watan Nuwamba na shekara ta 1991 ya bar gida, ya biyo ta Agadas da Dirku da Gatrun ya iso Sabha. Ya sami aikin ban ruwa a wata mazra'a, wato gonar noman rani, a garin Samnu, inda ya yi shekara shida, sannan ya koma Zighan yana hawan dabino da yi masa barbara. A can ya koyi Larabcin mutanen Fezzan, wato yankin kudancin Libiya, har ya iya ciniki da ba da haƙuri da shi. A shekara ta 2001 ya dawo cikin Sabha ya kama aikin gini, ya zama magini mai riƙe da nasa leburori, ya zauna a wani gidan haya a gefen unguwar Sukra, wanda bai sake barinsa ba sai a lokacin yaƙi.

Aure da zuriya

A shekara ta 1995 ya koma Buza ya auri Rakiatou, ƴar maƙeran garin, ya ɗauko ta zuwa Libiya bayan shekara huɗu. Allah ya ba su ƴaƴa huɗu: Nafissatou a 1997, Mansoura a 2001, Kamilou a 2004, da Chamsou a 2009. A shekara ta 2011, da aka shiga yaƙi a Libiya, ya mayar da iyalin gida, shi ya ɓuya a gonar tsohon maigidansa ta Zighan, sai a 2013 suka sake haɗuwa a Sabha. Kamilou ya taso tsakanin ƙasa biyu, a Buza ana ce masa ɗan Libiya, a Sabha ana ce masa baƙo, kuma babu takardar da ke tabbatar masa da zama a inda aka haife shi. Duk uban da ya haifi ɗa a garin nan ya san wannan damuwa ba sai an yi masa bayani ba.

Kuskuren shekarar 2008

Kafin a kafa ƙungiya an yi wani yunƙuri da ya lalace. A Babbar Sallar shekara ta 2008 Chékaraou da wasu dattawa suka shirya kokowa a wani kango, suka raba mutane yadda ake yi a gida, wato jiha da jiha: ƴan Tawa gefe, ƴan Damagaram gefe, ƴan Maraɗi da ƴan Doso kowa da nasa ɓangare. A gida in an tashi daga fili kowa motarsa yake shiga ya koma jiharsa. A Sabha kuwa waɗanda aka kayar da waɗanda suka kayar ɗaki ɗaya suke kwana, kuma a bakin titi ɗaya suke tsayuwa da safe suna jiran mai ɗaukar lebura. A gami na biyar aka yi gardama, aka ɗauko bulo da ƙarfen gini, wani saurayi ɗan Matamaye ya rasa idonsa na hagu. Aka kori ƴan Nijar daga kangon, aka yi wata uku ƴan Tawa da ƴan Damagaram ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Chékaraou bai taɓa ɗora wa kowa wannan laifi ba, yakan ce shi ya raba jerin da hannunsa.

Kafa ƙungiya da tsarinta

Ranar Juma'a 23 ga Oktoba, 2015, mutum arba'in da ɗaya suka taru a wani fili da ba a gina ba a bayan Sukra, mallakar wani dattijo Balarabe mai suna Hajji Mabruk, wanda Chékaraou ya gina wa gida kuma ya ara masu wurin bisa sharaɗin a watse kafin kiran magariba. A nan aka kafa Ƙungiyar Kokowar Baƙin Sabha, aka zaɓe shi shugaba na farko. Da yawa sun ce ba za ta kai watan azumi ba, wai mutanen da ke kwana da jaka a ƙarƙashin kai ba sa iya riƙe ƙungiya. Ga ta nan har yau.

Babban taro shi ne ke da iko a kan komai. Yana zama sau biyu a shekara, a Oktoba kafin buɗe wasa da kuma bayan rufewa a Maris, kuma duk wanda aka rubuta sunansa yana da murya ɗaya, ko ya shekara ashirin a gari ko ya sauka daga mota makon jiya. Babban taro ke zaɓen buro, wato kwamitin gudanarwa, na mutum bakwai: shugaba, da magatakarda mai riƙe da littafin sunaye, da babban alƙali wanda ke da mataimaka biyu, da mai fili, da mai ruwa, da mai ɗori, da wakili mai Larabci wanda ke zuwa wajen dattawan unguwa kafin kowace Juma'a ya nemi izini. Wa'adi shekara biyu ne, ba a wuce biyu a kujera ɗaya. Babu wanda ake biya, babu caca, kuma ƙungiya ba ta da akwati, domin Chékaraou ya ce a garin da bindiga ta yi yawa akwati baƙi yake gayyata. Abin da ake bukata a jiki ake kawo shi: magina su kawo rairayi, ma'aikatan gona su kawo igiya da dabino, masu turin kaya a kasuwa su ɗauko jarkokin ruwa. Kujerar mai ruwa tun farko mata ke riƙe da ita, kuma Ouma, mai sayar da abinci ƴar Gaya, ita ce ta fara zama a kai.

Doka ta uku ita ce ta gyara kuskuren 2008. An hana ambaton jiha a fili, ko a kirari. A farkon kowace kaka ana zuba ƙwallayen dabino a cikin ƙwarya, rabi an rina su da shuni, kowane ɗan kokowa ya sa hannu ya ɗauka, a sami ɓangaren Baƙi da na Fari, kuma a kaka mai zuwa a sake zubawa. Ta haka ɗan Illela ta jihar Tawa ya sha zuba wa ɗan Gure ta Damagaram ruwa a ka, wa da ƙane suka sha tsayuwa a ɓangare biyu.

Doka ta biyar ta shafi faɗuwa. Wanda bayansa, ko kansa, ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya faɗi. Tun da babu na'urar ɗaukar hoto da kowa ya yarda da ita, aka ɗora wa mai fili ya yayyafa ruwa ya ja manjagara a kan rairayin kafin kowane gami har ya yi sumul. In alƙalai uku suka kasa daidaita baki, kowa ya tsaya inda yake, mai fili ya shiga shi kaɗai ya duba sawu, abin da ya faɗa shi ne hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Dokar takobi

Tsakanin 2016 da 2017 magatakarda ya ja layi a kan sunaye goma sha tara na samarin da suka bi hanyar arewa, bakwai daga cikinsu ba a sake jin labarinsu ba. Mafi yawansu gwanayen fili ne, domin mai ƙarfi shi ya fi yarda teku ba za ta ci shi ba. A babban taron Oktoba na 2017 Chékaraou ya kawo wani takobi da surukinsa ya ƙera a Buza, ya nemi a ƙara doka: zakaran shekara zai riƙe takobin, amma sai ya rantse a gaban jama'a cewa ba zai bar Sabha ba har ya tsaya ya kare shi a kaka mai zuwa. Wani ya tashi ya ce wannan ai dabaibayi ne aka yi wa kube. Chékaraou ya ce dabaibayi ne, bai ɓoye ba, kuma in da yana da takobi arba'in da ya raba wa kowa. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, dokar ta wuce. Daga wannan shekara babu zakaran da ya karya rantsuwa, kuma biyu daga cikinsu a cikin shekarar jiran suka yi aure suka fasa tafiya.

Saukarsa daga shugabanci

A Oktoba na 2019 wa'adinsa na biyu ya cika. Aka roƙe shi ya zarce, har aka kawo shawarar gyara doka saboda shi, ya ƙi, ya ce ranar da aka lanƙwasa doka domin wanda ya rubuta ta, ranar ta mutu. Aka zaɓi Abdoul Latif, tela ɗan Maraɗi. Shi kuwa ya nemi kujerar mai fili, wadda ba mai so, domin aikinta tankaɗe rairayi ne da tsince ƙusa da kwalba da kwanson harsashi tun bayan saukowa daga masallaci. Da ya cika wa'adi biyu a 2023 ba a sami mai tsayawa ba, babban taro ya bar masa manjagarar a matsayin riƙo har a sami wani.

A wannan lokaci ne Kamilou ya shiga fili, a 2021, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya fi ubansa tsawo da faɗin ƙirji, ya kuma gaji idonsa. A ƙarshen 2023 ya faɗa wa iyayensa cewa abokansa biyu sun tsallaka teku, shi ma zai tafi bayan ƙaramar Sallah. An yi nasiha, an yi faɗa, an kira kawunsa daga Buza a waya, bai sauya ba. Abu ɗaya ya yarda da shi: in ya ci takobi zai rantse kamar kowa, ya zauna.

Juma'ar ɗaya ga Maris, 2024

Kamilou ya kayar da mutum shida a wannan kaka ya kai gamin ƙarshe. Abokin karawarsa shi ne Ousseini, mai turin kaya a kasuwa, ɗan Doso, magidanci mai ƴaƴa uku wanda ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Babu wanda ke bakin igiya a ranar da bai san abin da ke rataye a gamin ba. Bayan la'asar Chékaraou ya ja manjagara ya fita, babban alƙali Soumana ya busa usur. Suka ɗauki lokaci suna neman juna, sannan Kamilou ya nutsa ya kamo ƙafar Ousseini ya ɗaga shi ya maka da baya. Fili ya ɗauki ihu. Amma mataimakin alƙali na gabas ya ɗaga hannu, ya ce ya ga gwiwar Kamilou ta taɓa ƙasa a wajen nutsawar, kafin ɗagawa. Na yamma ya ce bai gani ba. Soumana ya ce jikin Ousseini ya kare masa.

Shugaba Abdoul Latif ya ce tun da ɗan mai fili ne a ciki, a nemi wani ya duba. Magatakarda ya karanta doka ta biyar, babu wannan a cikinta, kuma ɓangaren Ousseini da kansu suka ce ba su yarda da idon kowa ba sai na Chékaraou. Ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ousseini yana zaune a inda ya faɗi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na kusa sun ji.

"Baba, ni na faɗi. Bayana har yanzu zafi yake. Me zan yi da takobi, in yanka wa Ouma albasa?"

Chékaraou ya ce, "Zauna inda kake, kada ka motsa ƙafa."

Soumana ya matso bakin igiya ya ce, "Chékaraou, tsufa ya zo maka, idonka ba na da ba ne. In ka ce rairayi ya dame, wa zai ce ka yi ƙarya?"

"Kai da ka kasa gani da ido biyu da usur a baki, yau kai ke auna nawa?"

Chékaraou ya faɗi haka ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Rairayin yana da ɗanshi, kuma a tsakanin sawun ƙafafu akwai wani ɗan rami mai zagaye kamar gindin ludayi, a gefen da Kamilou ya nutsa. Ya ɗaga kai ya dubi gwiwar ɗansa ta dama, akwai rairayi manne a kanta. Ouma ta yi kira daga wajen jarkoki, "Malam, ka tuna Rakiatou tana gida tana jira!" Bai waiwaya ba. Ya miƙe ya ce da murya wadda kowa ya ji, "Gwiwa ta taɓa. Takobi na Ousseini ne."

Kamilou ya kakkaɓe gwiwarsa, ya je ya ɗaga hannun Ousseini kamar yadda aka saba, sannan ya tsaya gaban ubansa ya ce, "Baba, da ka faɗi wani abu daban, da na rantse ina sane da ƙarya na rantse a kai." Ubansa ya ce masa ya je ya sha ruwa.

Ranar 20 ga Afrilu, kwana goma bayan Sallah, Kamilou ya shiga motar arewa. Chékaraou ya raka shi har tasha, ya sa magatakarda ya rubuta ranar tafiyarsa a littafi kamar ta kowa.

Babban taron Oktoba na 2024

Rakiatou ta yi wata biyu ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. A kasuwa aka riƙa cewa ya fifita rairayi a kan jininsa. Ranar 18 ga Oktoba wasu daga cikin abokansa, da kyakkyawar niyya, suka kawo shawarar a soke duba sawu, in alƙalai sun raba baki buro ya shiga gefe ya yanke abin da ya fi maslaha. Chékaraou, wanda ciwon ƙirji ya riga ya kama, ya miƙe yana dafe da manjagara. Ya ce maslaha ita ce aka yi a 2008, kowa ya ga abin da ransa ke so, aka tashi da ido ɗaya a ƙasa. Ya ce ɗan Gure yana yarda ya faɗi a hannun ɗan Illela ne kawai saboda ya san ba a gefe ake yanke hukunci ba, kuma rantsuwar takobi ta riƙe mutum shida saboda kowannensu ya san da gaskiya ya ci. Ya ce, "Mu da ba mu da takarda a garin nan, ba mu da alƙalin da zai saurare mu, wannan filin kaɗai ne inda abin da ya faru shi ake faɗa. Na ba da Kamilou a kansa. Wanda ke son sokewa ya fara faɗa mini me shi ya bayar." Aka ɗaga hannu, mutum goma sha ɗaya suka goyi bayan sokewa, sittin da takwas suka ƙi. A wannan taro Ousseini ya tsaya takarar mai fili, ya karɓi manjagara daga hannunsa.

Duk uban da ke zargin Chékaraou ya tambayi kansa a wane fili yake so a kayar da nasa ɗan.

Rasuwa da jana'iza

Ciwon ya tsananta a watan Janairu, aka kwantar da shi a likita kwana tara, aka sallame shi ya dawo gida. Allah ya yi masa rasuwa da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, yana da shekara hamsin da tara, Rakiatou tana riƙe da kansa. Aka yi masa salla bayan la'asar, ɓangaren Baƙi da na Fari suka yi karɓa-karɓar makara, Hajji Mabruk da maƙwabta Larabawa suka bi sahu, aka rufe shi a maƙabartar da ke kusa da unguwar. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ba a dakatar da wasa ba, domin ya bar wasiyya kada a dakatar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Ya bar matarsa Rakiatou da ƴaƴa: Nafissatou, tana aure a Buza da ƴaƴa uku, Mansoura, tana aure a Samnu da ɗa ɗaya, Chamsou, yana koyon ɗinki a shagon Abdoul Latif. Na huɗu shi ne Kamilou. Kiransa na ƙarshe ya shigo wayar mahaifiyarsa ranar 9 ga Yuni, 2024, daga wani gari na bakin teku da bai faɗi sunansa ba, ya ce suna jiran iska ta kwanta. Ba a san ko ya shiga jirgi ba, ba a san ko yana tsare a wani wuri ba, kuma ba a san ko labarin rasuwar ubansa ya kai gare shi ba.